Kurakuran da aka fi yi wajen washin takalmin hokin ƙanƙara da yadda ake gyara su

A Kanada da arewacin Amurka da Finland da Suwidin, inda yara suke fara hokin ƙanƙara, wato wasan da ake bugawa da sanda ana zamewa a kan ƙanƙara, tun suna ƙanana, da wuya a sami babban filin ƙanƙara da ba shi da shagon washin takalma a cikinsa ko a kusa da shi. Abin da aka saba gani shi ne ɗan wasa, ko mahaifin yaro, ya miƙa takalmi, ya biya kuɗi, ya karɓa, ya nufi fili ba tare da ya ko juya ƙarfen da ke ƙasan takalmin, wanda ake zamewa da shi, ya duba ba. Daga nan yawancin matsaloli suke farawa, domin mummunan washi ba ya nuna kansa sai an hau ƙanƙara, kuma sau da yawa akan ɗora wa yaro laifin rashin iyawa alhali ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ne ya hana shi tsayawa da kyau.

Kuskure na farko yana cikin fahimtar ƙarfen kansa. Wanda ya saba kai wuƙa wurin mai washi yana zaton ana goge gefe biyu ne har su haɗu a baki ɗaya mai kaifi, amma ƙarfen takalmin hoki ba haka yake ba. Kaurinsa kusan milimita 3 ne, kuma injin washi yana sassaƙa ɗan kwarmi ne a tsakiyar wannan kaurin daga gaba har baya, sai a sami baki biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Da waɗannan bakuna biyu ɗan wasa yake ture ƙanƙara, yake shan kwana, yake taka birki. Saboda haka a ce takalmi ya yi kaifi bai wadatar ba. Dole a san zurfin kwarmin, a kuma tabbatar bakunan biyu tsayinsu ɗaya.

Zurfin kwarmi da lamba ake faɗinsa, kuma lambar tana rikita mutane ƙwarai. A Kanada da Amurka da inci ake lissafi, inda za a ji ana cewa 3/8 ko 1/2 ko 5/8 ko 3/4, a Turai kuwa da milimita, inda rabin inci ya kama kusan milimita 13, 5/8 kuma kusan milimita 16. Lambar tana nufin rabin faɗin da'irar da aka siffanta bakin dutsen injin da ita, don haka ƙaramar lamba tana ba da kwarmi mai zurfi, babbar lamba kuma kwarmi marar zurfi. Mutane da dama suna ɗaukar abin a juye, sai mai neman ƙarin kamun ƙanƙara ya nemi 3/4, ya koma fili ya ga ƙafarsa tana zamewa fiye da dā. Wasu kuma ba sa faɗin lamba ko kaɗan, sai shago ya yi musu tasa lambar ta yau da kullum, wadda a wurare da yawa rabin inci ce, a wasu kuma 5/8. Idan aka canza shago aka ji takalmi ya zama baƙo a ƙafa, galibi wannan ne dalili. Maganin mai sauƙi ne: ɗan wasa ya san lambarsa, ya faɗe ta duk lokacin da ya miƙa takalmi, iyaye kuma suna iya rubuta ta a ƙarƙashin takalmin yaro da alƙalamin da ba ya gogewa.

Kwarmin da ya yi zurfi da yawa yana da alamominsa. Ƙarfe yana nitsewa cikin ƙanƙara, gudu yana raguwa, cinyoyi suna gajiya da wuri, kuma idan aka zo taka birki a kaikaice, maimakon ƙarfen ya kankare saman ƙanƙara a hankali, sai ya riƙa tsalle yana karkarwa. Wanda kwarminsa bai kai ba kuwa zai ji ƙafa tana kufce masa a tsakiyar kwana. Nauyin jiki yana da hannu a nan, domin mai nauyi yana danna ƙarfe cikin ƙanƙara ko da kwarmin ba shi da zurfi, yayin da marar nauyi yake bukatar ƙarin kamu. Haka ma yanayin fili: ƙanƙara mai tsananin sanyi tana da tauri, tana son kwarmi mai ɗan zurfi, wadda ta yi laushi saboda ɗumin zaure kuma tana son akasin haka. A ganina babban kuskure a nan shi ne tsallake matakai, a tashi daga 1/2 a faɗa 3/4 lokaci guda. Ya fi kyau a matsa mataki ɗaya, misali daga 1/2 zuwa 9/16 ko 5/8, a yi atisaye biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

Lahanin da ya fi kowanne cutarwa, kuma ya fi ɓoyuwa, shi ne bakuna biyu su ƙi daidaita. Yana faruwa ne idan mai washi bai saita mariƙin injin ba yadda tsakiyar dutse za ta faɗa daidai tsakiyar kaurin ƙarfe, sai baki ɗaya ya fito ya fi ɗan'uwansa tsawo. A fili za a ga yaro yana shan kwana ta hagu lafiya lau, amma da ya karkata dama sai ƙafa ta zame ya faɗi, ko ya iya birki ta gefe ɗaya kawai, ko takalmin ya riƙa jansa gefe yana tafiya a miƙe. Koci yakan ce yaron yana da raunin gefe ɗaya, a yi ta ba shi atisaye na makonni a kan matsalar da minti biyar a shago za su kawar. Gwajin bai fi ƙarfin kowa ba. A kifa takalmin ƙarfe yana kallon sama, a ɗora kwandala a kwance a kan bakunan biyu, a ɗaga takalmin daidai ido ana kallonsa daga dunduniya zuwa gaba, inda haske yake. Idan washi ya yi kyau kwandalar za ta zauna a miƙe, idan kuwa ta karkata ko da kaɗan ne, baki ɗaya ya fi tsawo. A gwada wuri uku, gaba da tsakiya da baya, domin ƙarfe yana iya daidaita a tsakiya ya karkace a dunduniya. Shagunan kirki suna da ɗan ma'aunin da aka ƙera don wannan aiki, kuma babu rashin ladabi a roƙi mai washi ya gwada a gaban mai takalmi. Idan an sami karkata, a mayar nan take a sake, kada a ce za a saba da shi, domin jiki yana koyon tsayuwar da ba daidai ba don ya rufe lahanin ƙarfe.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ido da farce suke ganewa. Idan aka goga bayan farce a hankali a kan baki, a kaikaice, mai kaifi zai kankaro ɗan farin gari. Sai dai a gwada bakuna huɗun na takalman biyu duka a wurare da yawa, kuma kada a taɓa jan yatsa a tsawon bakin. Idan an ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe a gefe, ragowar washi ce da ba a share ba, kuma ana cire ta da ƙaramin dutsen hannu da za a kwantar a jikin ƙarfen a ja sau biyu ko uku. Kada a karkata dutsen, don karkatawar tana cinye bakin da aka biya kuɗi aka fitar. Ƙarfen da aka lulluɓe da baƙin shafi ba ya son dutse mai kaushi, fata ko dutsen roba ake sa masa. Idan kuwa aka ga ƙasan ƙarfe ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, an danna shi a kan dutse har ya ƙone, kuma wurin da ya ƙone ba ya riƙe kaifi; wannan dalili ne mai ƙarfi na neman wani mai washin.

Ba kowane laifi ba ne na mai washi, kuma rashin gane haka yana sa a yi ta maimaita washi a banza. Ƙarfe yana iya lanƙwashewa idan ƙwallon roba mai tauri da ake wasan da ita ta buge shi, ƙusoshin da suka haɗa mariƙin roba da takalmi suna iya saki, ƙarfen ma yana iya yin motsi a cikin mariƙinsa. A dafa ƙarfen da tsumma a girgiza, a kuma hango tsawonsa a ga ko ya miƙe. Takalmin da ya yi wa yaro yawa, wanda iyaye kan saya don ya daɗe yana sawa, yana sa idon sawu ya faɗa ciki, sai bakin ciki ya riƙa cinyewa shi kaɗai, kuma babu washin da zai gyara wannan.

Yawan washi ma yana da tasa illar. Ƙasan ƙarfe ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa daga gaba zuwa baya, wadda ake aunawa da ma'aunin tsawo na ƙafa, kamar ƙafa 9 ko 11 ko 13. Mai washin da hannunsa yake nauyi a farkon ja da ƙarshensa yana cinye gaba da dunduniya a hankali, har ɓangaren da ke taɓa ƙanƙara ya gajarce, ɗan wasa ya riƙa jin kamar zai kife gaba ko baya. Ana ganewa ta hanyar haɗa ƙarafan biyu gefe da gefe a ga ko siffarsu da tsayinsu ɗaya ne. Idan sun bambanta, a kai su inda ake da injin sake siffar ƙarfe, idan kuma sun cinye sosai a canza su biyun tare, ba ɗaya ba.

Yawancin dakushewa a wajen fili take faruwa. Taku ɗaya a kan siminti ko ƙarfen bakin ƙofa ya isa ya kashe baki, shi ya sa ake sa marufin roba mai tauri idan za a taka inda babu shimfiɗar roba. Amma barin takalmi a cikin wannan marufin bayan wasa kuskure ne, domin yana tara ruwa, tsatsa ta ci bakin kafin atisaye na gaba. A goge ƙarfe ya bushe, a sa masa marufin tawul, a buɗe jaka idan an isa gida. Sabon takalmi kuma yawanci ba a wasa shi daga masana'anta, dole a kai shi washin farko kafin a hau ƙanƙara. Takalman kamfanonin Bauer da CCM na yanzu da yawa suna da mariƙin da ake zare ƙarfe a sa wani cikin ɗan lokaci, don haka wanda yake da hali ya ajiye ƙarafa biyu na ko-ta-kwana a jaka, waɗanda aka wasa da lamba ɗaya da na ƙafarsa kuma aka gwada daidaiton bakunansu tun a gida, domin idan baki ya yi giɓi ana tsakiyar gasa ba lallai ne a sami shago a buɗe ba.