Yadda za ka karanta tsohuwar takardar gona ta Ingila ba tare da kanka ya ɗaure ba

Ƙanena da ke karatun tarihi a jami'ar Yamai ya zo hutu nan Tawa, shekaranjiya bayan isha'i ya same ni a tsakar gida da fotokopi na wani shafi daga littafin Domesday, wato kundin binciken gonakin Ingila da sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086, ya ce yaya wallahi na karanta fassarar sau uku amma har yanzu ban gane gonar ta waye ba. Na ce masa to ai nan matsalar take, tambayar ce ba daidai ba. Abin da na nuna masa a daren nan shi zan rubuta, don na san akwai ɗalibai da yawa da abin nan yake ba su wahala.

Da farko ka ajiye tambayar "ta wa ce". Tun da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙasa duka ta sarki ce a ƙa'ida, kowa riƙo yake yi. Don haka abu uku za ka nema, wa ke riƙe da ita, daga hannun wa, kuma da wane sharaɗi. Mu nan abin ba baƙo ba ne, duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga mai aron gona yana ɗora dami a amalanke bayan girbi ya kai gidan mai gonar, kuma kowa ya san damin nan ba kuɗin gona ba ne, shaida ce cewa bai manta a hannun wa ya karɓa ba. Amma kar ka ja kwatancen ya yi nisa fa, don a can riƙon yakan bi gado kuma kotu tana tsaya masa.

Ka ɗauki biro ka zana tsani a gefen takarda. Sarki a sama, ƙarƙashinsa manyan da suka karɓa kai tsaye daga hannunsa, wato manyan mayaƙansa da shugabannin coci, sai waɗanda su kuma suka ba wa, har ka sauko kan manomi mai riƙe da garma. Littafin da Latin aka rubuta shi kuma an gutsure kalmomi sosai, amma in ka ga "ten" da ɗan alama a kai to "tenet" ne, yana riƙe, sunan da ya zo kafinsa shi ne mai riƙon. In ka ga T.R.E. ana nufin zamanin sarki Edwad, wato kafin Normawa su zo.

Sai sharaɗi, kuma nan ne daɗin abin yake. Wani da doki da sulke yake biya, kwana 40 a shekara a rundunar sarki, daga baya aka riƙa karɓar kuɗi maimakon fita yaƙin. Gidajen ibada wasu da addu'a kawai suke biya. Wani kuɗin haya ne tsayayye. Shi kuwa manomin da ba ɗa ba, wanda suke kira bilen, da jikinsa yake biya, kwana biyu ko uku kowane sati a gonar ubangidansa kamar dai aikin gandu, lokacin girbi a ƙara masa, dole a injin niƙan ubangida zai niƙa hatsinsa, kuma ba shi da ikon tattara kayansa ya bar garin ba izini. Ni duk lokacin da na zo wurin nan sai na tsaya, don mutanen nan su ne suka fi kowa yawa a littafin kuma ba a rubuta sunayensu ba, lamba ce kawai.

Awo kuma kar ya ruɗe ka. Za ka ga kalmar haid, littattafai za su ce maka eka 120 ce, wajen hekta 48, amma ba da igiya aka auna ba, ma'aunin haraji ne, don haka gari biyu masu haid ɗaya suna iya bambanta a girma sosai. In kana son sanin ƙarfin gari ka dubi yawan garma, kowace garma ana lissafa ta da shanu 8. Daji kuma sau da yawa da yawan aladen da zai iya ciyarwa ake faɗarsa. Mutanen da aka ƙirga masu gida ne, sai ka ninka da 4 ko 5 in kana son kimanin jama'ar. Kuɗin ma ka san su ta bakin tsofaffin da suka yi fatauci zuwa Sakkwato da Kano, fam da sule da kwabo, fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, sai dai a lokacin kwabon azurfa kaɗai ake bugawa, fam da sule lissafi ne kawai.

Kar ka tsallake darajar garin da ake rubutawa a ƙarshe, ta da da ta 1086 shekarar da aka yi binciken. In ka ga ta faɗi ƙasa ko an rubuta "wasta", wato kufai, musamman a Yokshaya, to ka tuna ɓarnar da rundunar Wiliyam ta yi a arewa a 1069 zuwa 1070. Layi ɗaya ne amma garuruwa ne aka ƙone.

In takardar da ke hannunka ta kotun gari ce ta ƙarnonin baya, to ka lura da abin da ke faruwa ranar da mai riƙo ya mutu. Ubangida yakan ɗauki dabba mafi kyau a garken mamacin, magaji ya biya kuɗi kafin ya shiga gonar, bilen kuma har aurar da ɗiyarsa sai ya biya. Manya ma sarki haka yake tatsarsu, shi ya sa a Magna Carta, yarjejeniyar da suka yi da sarki a 1215, suka sa aka ƙayyade fam 100 ga magajin babban basarake, sule 100 ga na mai doki, kuma aka hana tilasta wa matar mamaci yin aure. Kuma kar ka shigo da rabon gadonmu na Musulunci ciki, a yawancin wurare babban ɗa ne yake ɗauke gonar gaba ɗaya, a Kent ƴaƴa maza suke rabawa daidai, a wasu garuruwa kuma auta ne yake gada. Al'adar wannan garin ita ce hukunci, sai ka nemo ta.

Shekarar takardar ma ka duba ta tun kafin ka fara, don tsarin bai tsaya wuri ɗaya ba. Dokar 1290 ta hana ƙara sabon mataki a tsanin nan, in ka sayar da gona mai saye ya maye gurbinka a gaban ubangidanka. Annobar 1348 ta kashe mutane har hannun aiki ya yi tsada, a hankali aikin dole ya koma kuɗi, jikokin bilen suka zama masu riƙo da kwafin abin da kotun gari ta rubuta, shi ne takardarsu. An soke riƙon yaƙi a 1660, amma riƙon kwafin nan bai ƙare ba sai 1926.

Asalin littafin yana gidan ajiyar takardun gwamnati a Kiyu, Landan, amma akwai shafin Open Domesday a intanet kyauta, ko da waya kana iya buɗewa in koneksiyon ya yarda. Wurare sama da 13,000 ne a ciki, sai dai kar ka nemi Landan ko Wincesta, babu su. Ka zaɓi ƙauye ɗaya ƙarami, ka zana tsaninsa, ka rubuta garma nawa, mutum nawa, darajarsa da da yanzu, sannan ka koma ƙauyen da ke kusa da shi ka kwatanta. Ƙanen nawa uku ya yi kafin shayin ya ƙare, a na ukun ma shi ya riga ni gano mai riƙon.