Darasi na 9: Ganin Likita Ta Waya

Tun lokacin korona a 2020 da aka kulle gari mutane suka fara sabawa da kiran likita ta waya ko ta WhatsApp maimakon sammakon bin layi a asibiti, kuma abin ya zauna har yau, musamman ga masu hawan jini da ciwon suga waɗanda kuɗin mota kaɗai ke cinye musu wani kaso na kuɗin maganinsu. Sai dai fa likitan da ke waya ba zai taɓa goshinka ba, ba zai ɗora maka abin sauraron ƙirji ba, abin da ka faɗa masa da shi zai yi aiki. Idan ka ce "jikina ne babu daɗi" ka yi shiru, wallahi ba ka taimake shi ba. Faɗa masa ranar da ciwon ya fara, ina ne yake maka ciwo, wane magani ka riga ka sha, ka ma ɗauki hoton kwalin ka tura, har na gargajiya kada ka ɓoye don kunya.

To ga inda karatun lambobin da muka yi a aji zai yi mana rana. Injin awon jini na gida yana nuna lamba uku, ta sama da ta tsakiya su ne awon jinin, ta ƙasa bugun zuciya ce, mutane da yawa nan suke rikicewa su karanto wa likita ta ƙasan. Kafin ka auna ka zauna ka huta minti 5, ka jingina bayanka, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ban da surutu, kuma kada ka auna kana gama cin goro ko shan sigari, bari a yi rabin awa. Rubuta abin da ka gani da kwanan wata kamar haka: 150/95. Idan kullum yana kai 140/90 ko ya wuce, likita na bukatar ya sani. Idan ya kai 180/120 ga ciwon kai ko jiri, ajiye wayar nan a tafi asibiti.

Zazzaɓi kuma, ma'aunin zafi in ya nuna 38 akwai shi, amma ba a gane maleriya ta waya, sai an tsaga yatsa an gwada jini a asibitin sha-ka-tafi. Yaro mai jijjiga, mai ciki da ke zubar jini, wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya saki, waɗannan ba na waya ba ne sam, a nemi mota, ko a kira lambar agajin gaggawa 112.

Sannan ba duk mai farar riga a TikTok ne likita ba, likitan gaskiya a Najeriya yana da rajista da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kuma babu ruwansa da BVN ɗinka ko lambar sirrin banki. In ka sayo magani mai wurin kankarewa a kwali, ka kankare ka tura lambar da ta bayyana ta tes zuwa lambar wayar da ke jikin kwalin, tsarin NAFDAC ne tun 2010, za a ba ka amsa ko na ƙwarai ne.

Aikin gida: ka auna jininka safe da yamma har kwana 3, ka rubuta a littafinka, ka zo da shi aji mu karanta tare.