Yadda Ake Auna Saurin Algoridim Kafin a Gwada Shi a Kwamfuta

Ɗalibin da ya fara darasin tsarin ajiye bayanai a jami'a yakan so ya auna saurin manhajarsa da agogo, amma daƙiƙoƙin da zai gani sun dogara ne da ƙarfin kwamfutar da kuma sauran ayyukan da take yi a lokacin. Abin da ake nema shi ne yawan matakan da algoridim (wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi don warware matsala) ke ɗauka, da yadda suke ƙaruwa idan bayanai suka ƙaru.

Da farko ka tantance abin da ke girma, ka kira shi n, misali yawan sunayen da ke cikin jeri. Sannan ka nemo aikin da aka fi maimaitawa, wanda galibi kwatanta abu biyu ne, ka ƙirga sau nawa ake yin sa. Idan madauki (sashen manhaja da ke maimaita aiki) ɗaya ne ke bin jerin daga farko har ƙarshe, matakan n ne, sai a rubuta O(n), wato alamar da ke nuna yadda matakan ke ƙaruwa tare da n. Idan kuwa wani madaukin yana cikin wani, kowannensu yana bin jerin gaba ɗaya, to sun zama n sau n, wato O(n²). Ƙananan lambobi ba sa shiga lissafi: 3n + 5 ma O(n) ne, domin idan n ya kai miliyan, wannan 5 ɗin ba ya tsinana komai.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne wajen bincike. Neman suna ɗaya a cikin sunaye 1,000,000 ta hanyar bin su ɗaya bayan ɗaya na iya cin kwatanci 1,000,000. Amma idan an riga an jera su bisa haruffa, sai a duba na tsakiya, a watsar da rabin da sunan ba ya ciki, a sake duba tsakiyar abin da ya rage; kwatanci 20 sun isa, domin 1 idan aka yi ta ninka shi biyu har sau 20 yana ba da 1,048,576. Wannan shi ne O(log n). Sai dai jerawar ita ma tana da nata tsadar. Hanyar raba jeri biyu a sake haɗa shi, wadda John von Neumann ya ƙirƙiro a 1945, tana buƙatar matakai kusan miliyan 20 a kan waɗannan sunaye, yayin da hanyar O(n²) za ta doshi tiriliyan.

Duk da haka, wannan lissafi yana magana ne kan manyan bayanai. A gajeren jeri, sauƙaƙƙiyar hanyar cusa kowane abu a gurbinsa takan fi sauri, shi ya sa hanyar jerawa ta Timsort, da Tim Peters ya rubuta wa harshen rubuta manhaja na Python a 2002, ke amfani da ita a kan gajerun yankuna.

Bayan ka gama lissafin, sai ka ɗauko agogon don tabbatarwa: ka ninka n sau biyu ka sake aunawa. Idan lokacin ya ninka sau biyu, O(n) ne. Idan ya ninka sau huɗu, ka koma ka nemi madaukin da ke ɓoye cikin wani.