Yadda za ka zaɓi kamfanin da zai sabunta maka manhajar ERP (wadda ke haɗa lissafin kuɗi, kayan sito da sauran ayyukan kamfani wuri ɗaya)

Da farko zauna da akanta da mai kula da sito, ku rubuta abin da tsohon sistem ɗin ya kasa yi.

Sai ka kira dillalai uku, ko na SAP ne ko Odoo ko Microsoft Dynamics, kowa ya gwada maka da bayanan kamfaninka na gaske, ba nasu na talla ba.

Tambaye su wa zai kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabon, nan ne fa aiki ke cakuɗewa, kuma lasisin da dala ne ko naira, don in da dala ne duk shekara lissafi sai ya canza.

Nemi lambar kwastomominsu ka kira da kanka. Horar da ma'aikata ma a saka shi a yarjejeniya kafin ka biya ko sisi.