Yadda Ake Gano Matsalar Wayarin Kik a Tsohuwar Mota Mai Tashi Yau, Ta Ƙi Gobe

Motar da ta tashi da safe, sannan da rana ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai, ko ka ji shiru, sau da yawa kik ɗinta, wato na'urar da ke juya injin ya tashi, lafiyarsa lau. Wuta ce ba ta isa gare shi. Kik ɗin ƙaramar motar fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200 a lokacin tayarwa, don haka ɗan datti ko noti mai sako-sako, wanda ba zai hana rediyo ko fitila aiki ba, ya isa ya tsayar da shi.

Ka tanadi mitar auna wuta, da sifana, da samfefa, da wayar jona batir, da wanda zai murɗa maka makulli. Ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi, ko a P idan otomatik ce.

Fara da batir, don kada ka yi ta neman jaki alhali kana kansa. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. Lokacin da kik ke juyawa, kada ya sauka ƙasa da 9.6. Ka ɗora bakin mita a kan dalmar batir ɗin kanta, sannan ka matsar da shi kan maƙalin da ya riƙe ta. Idan lambobin biyu sun bambanta yayin da ake murɗa makulli, laifin yana tsakanin dalma da maƙali. Ka kwance, ka fara cire na nagatif, ka wanke farin garin nan da ruwan zafi, ka goge har ƙarfe ya yi sheƙi, ka ɗaure tamau. Kan batir ɗin da hannu ke iya juyawa bai ɗauru ba.

Sai ka saurari ƙarar. Ƙas-ƙas-ƙas a jere da sauri na nufin wuta tana zuwa amma tana faɗuwa da zarar an ɗora mata nauyi. Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi na nuna solonoyid, wato makunnin da ke jikin kik mai sakar masa babbar wuta, ya ja, amma babbar wuta ba ta wuce ba. Shiru kuwa, fitilun gaba suna nan da haskensu ba su dushe ba, yana kai ka ga ƙaramar wayar umarni.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne auna wutar da ke ɓacewa a hanya. Kada ka dogara da gwajin ko waya ta tsinke: wayar da ta ruɓe a ciki, sili biyu kacal suka rage mata, za ta ci wannan gwajin, amma ba za ta ɗauki amfiya 150 ba. Ka cire fis ɗin famfon mai don kada injin ya kama. Ɗora jan bakin mita a kan fozitif na batir, baƙin kuma a kan babban noti na solonoyid inda kakkaurar waya ke shiga, a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna kada ya wuce bolt 0.5. Sannan ka auna daga jikin kik zuwa nagatif na batir. Nan kada ya wuce 0.3. Inda lambar ta haura, ka riƙa matsar da bakin mita daga mahaɗi zuwa mahaɗi har ka ga wurin da ta faɗi. A nan ɓarnar take.

Ɓangaren nagatif ne aka fi mantawa da shi. Wayar da ke haɗa injin da bodi tana tsatsa a ƙarƙashin noti, tana kuma karyewa a hankali saboda jijjigar injin. Akwai gajeriyar hanya: lokacin da motar ta ƙi, ka jona waya ɗaya daga nagatif na batir zuwa tsaftataccen ƙarfe a jikin injin. Idan ta tashi nan take, ka canza waccan wayar da wata mai kaurinta ko fiye.

Ƙaramar wayar da ke zuwa solonoyid, wadda ake yi wa lamba 50 ko harafin S, tana ratsa wurare da yawa: makulli, fis, rilai (ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don babba ta wuce) idan akwai, da makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya a otomatik, ko na kuloci a wasu motocin. Ka auna ta tana jone, ana riƙe da makulli. Ya kamata ta kusanci abin da batir ke nunawa. Idan ta gaza da fiye da bolt 1, wani wuri yana cinye wutar. Ka gwada tayarwa a N maimakon P, ka girgiza makulli, ka motsa ƙunshin wayoyi. Wanda ya sa ta tashi shi ne mai laifin. Ka duba ɗan maƙalin da ke kan solonoyid ma, yakan saki.

Idan motar ba ta ƙi sai ta yi zafi, dalilin shi ne zafi yana ƙara wa jan ƙarfe taurin wucewar wuta, musamman idan kik yana kusa da salansa. Tsohon makulli sai ya kasa ba solonoyid abin da yake buƙata. Maganin da ke ɗorewa shi ne ƙara rilai mai amfiya 40: ƙafa 30 daga batir ta cikin fis, 87 zuwa solonoyid, 86 daga tsohuwar wayar makulli, 85 zuwa bodi. Ka yi amfani da waya mai kaurin milimita murabba'i 4, ka matse bakinta da maƙali na gaske, ba murɗawa da naɗe tef ba.

Duk wannan awon sai a lokacin da matsalar ta bayyana yake faɗin gaskiya, shi ya sa ya kamata mita ta zauna a cikin mota. Idan ka samu cikakkiyar wuta a babban noti da ƙaramar waya, nagatif ma lafiya, amma kik bai motsa ba, to yanzu ne za ka sauke shi. Ka duba buroshin kabon da ke cikin kik, da kuma jan ƙarfen da ke cikin solonoyid, waɗanda sukan ƙone su yi rami. Ka yi hattara da buga shi da guduma: kik mai maganaɗisu a ciki yana iya tsagewa.