Cin Abinci Bayan An Fito Da Hanji Ta Ciki: Kurakuran Da Aka Fi Yi

Yawancin kurakuran suna farawa ne daga rashin sanin wane hanji likita ya fito da shi. Idan babban hanji ne, wato kolostomi, bayan gida kan fito da ɗan kauri, kuma cimar mutum ba ta sauyawa sosai. Idan ƙaramin hanji ne, wato iliyostomi, irin wanda ake yawan yi a asibitocinmu bayan taifot ta huda hanji, to abinci ba ya bi ta babban hanji, alhali shi ne mai tsotse ruwa da gishiri. Shi ya sa abin da ke zuba a jakar da ake liƙawa a bakin hanjin yake kama da kunu, kimanin mililita 500 zuwa 800 a yini. A duba takardar sallama, ko a tambayi likitan.

Kuskuren da ya fi kwantar da masu iliyostomi shi ne na ruwa. Mutum ya ga jaka tana cika da tsululun ruwa, ƙishi ya dame shi, sai ya yi ta ɗirkar ruwan randa. Ruwa zalla ba shi da gishiri, don haka yana isa ƙaramin hanji sai ya janyo gishirin jiki ya fice da shi. Ana sha ana ƙara bushewa. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi ma haka suke, sukarinsu yana janyo ruwa cikin hanji. Idan abin da ke fita ya haura lita ɗaya a yini, a koma ruwan gishiri da sukari: ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya, ko ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a shafe cokalin ba a tula ba. Kurɓa ake yi a hankali tsawon yini, ba kwankwaɗa ba. Fitsari ne ma'auni. In ya ragu ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga jiri, ga ɗaurewar tsoka, a tafi asibiti. A zafin Afrilu wannan kan faru cikin yini guda, kuma kada mai iliyostomi ya ɗauki azumi sai ya ji ta bakin likitansa.

Sai toshewa. Ƙofar da hanjin ya bi ta bangon ciki matsattsiya ce, musamman a makonni 6 zuwa 8 na farko da hanjin ke da kumburi. Aya, gyaɗa, gasasshiyar masara, gugguru, kwakwa, zaren mangwaro, kwaɗon rama ko zogale, kilishi da ganda, duk suna iya dunƙulewa a bakin ƙofar. A wannan lokacin a tsaya kan tuwon shinkafa, dankali, doya, ƙwai, kifi da miyar da aka tace. Daga baya a riƙa gwada sabon abinci ɗaya-ɗaya, cokali biyu ko uku, a jira kwana ɗaya a gani. Ga kuma wata al'ada tamu: tuwo haɗiye shi muke yi. Tuwon ba laifi, amma nama da ganyen da ke cikin miyar sai an tauna su sun zama lilis.

Alamar toshewa ita ce murɗar ciki, kumburin bakin hanjin, da jaka wadda ko dai ta tsaya cik ko tana fitar da ruwa mai ɗoyi. A dakatar da abinci mai tauri, a sha abu mai ɗumi, a kwanta a naɗe gwiwa zuwa ƙirji, a ɗan murza gefen wurin a hankali. In mai iliyostomi ya yi awa 6 babu abin da ya fito, ko amai ya fara, asibiti kai tsaye. Filasko da sauran magungunan wankin ciki haɗari ne a nan, kuma kada a zura komai a bakin hanjin.

Wasu kuma sukan ƙi cin abinci idan za su fita, don kada jaka ta cika a cikin jama'a. Hanjin da babu komai a cikinsa ya fi yin iska da ruwa. Ƙaramin abinci sau biyar ko shida ya fi, a sassauta na dare don a samu barci. Ayaba, farar shinkafa, burodi da taliya suna ƙara kauri. Wake, kabeji, albasa da cingam suna kawo iska, ba haramta su aka yi ba, a dai ci su ranar zaman gida.

Mai kolostomi shi bushewar ciki ce damuwarsa, don haka ruwa da ganye da gwanda sun dace da shi da zarar ya warke.

A riƙa duba jakar lokacin zubarwa, wato idan ta kai kashi ɗaya cikin uku. Ganin ƙwayar magani ta fito yadda aka haɗiye ta yana nufin jiki bai amfana da ita ba, sai a nemi likita ya sauya ta da ta ruwa ko wadda ke saurin narkewa.