Yadda ake sayar wa furodusa rubutun fim, da yadda marubuci ke ɗorewa a sana'ar

Karatun furodusa daban yake da na mai karatun littafi. Yana bin labarin, a lokaci guda kuma yana lissafi a ransa: kwana nawa za a yi ana ɗauka, wurare nawa za a zagaya, wane jarumi ne zai yarda ya fito a ciki, su wa za su kalla, kuma idan aka zuba kuɗi babu wanda zai ɓullo daga baya ya ce labarinsa ne? Duk abin da za ka yi, tun daga tsara shafi har sa hannu a yarjejeniya, amsa waɗannan tambayoyin ne kafin a yi maka su.

Ka gama rubutun tukuna

Sabon marubuci ba ya iya sayar da "ina da wani labari a kaina". Kowa yana da labari a kansa. Abin da ake ciniki a kai shi ne rubutu kammalalle, daga fitowar farko zuwa ta ƙarshe, a tsarin da masu aikin suka saba da shi. Ana rubutawa da harafin Courier mai girman 12, saboda a wannan tsarin shafi ɗaya yana zuwa kusan minti ɗaya a allo. Cikakken fim yakan tsaya tsakanin shafi 90 zuwa 120. Sabon suna ya kawo shafi 160, an san bai iya yanka ba tun kafin a buɗe. Kowace fitowa tana farawa da kanu mai ɗauke da abu uku: ciki ne ko waje, wane wuri ne, rana ce ko dare. Sai bayanin abin da ake gani, a taƙaice, sannan sunan mai magana a tsakiya da maganarsa a ƙasa. Manhajoji irin su Final Draft, Fade In da Celtx suna yi maka wannan jerin da kansu. In za ka aika, ka mayar da shi PDF domin kada tsarin ya wargaje a wayar wani.

Abin da kyamara ba ta gani, kada ka rubuta shi. "Ta tuna irin wulaƙancin da ya yi mata shekara goma da suka wuce" jimlar littafi ce, darakta ba shi da yadda zai ɗauke ta. Ka rubuta abin da ta yi: ya miƙo mata hannu, ta dubi hannun, ta gyara jakarta ta wuce.

Shafi goma na farko su suka fi komai tsada. Masu karanta wa kamfanoni rubutu suna da tari a gabansu, kuma yawancinsu a nan suke yanke ko za su ci gaba. Kafin shafi na goma ya kamata a san wane ne labarin yake bi, me ya dame shi, kuma wane irin fim ne wannan. Kada ka aika daftarin farko da zarar ka gama shi. Ka ajiye shi mako biyu ko uku, ka dawo masa da sabon ido, sannan ka tara mutane su karanta maganganun da baki kana saurare. Duk layin da harshensu ya harɗe a kai, laifin layin ne.

Sai ka sake bin sa da idon mai riƙe da jakar kuɗi. Kowane sabon wuri yana nufin a loda kayan aiki, a yi tafiya, a sake kafa fitilu, rabin yini ya tafi. Fitowar dare tana cin fitila da janareta. Taron jama'a, ƙananan yara, dabbobi, ruwan sama, tseren motoci, labarin zamanin da mai buƙatar tufafi da gine-gine na musamman, waƙar wani da sai an biya haƙƙinta, duk kuɗi ne. Ba a ce ka cire su gaba ɗaya ba, amma ka tabbata kowanne yana biyan kuɗinsa a cikin labarin. Rubutu mai manyan 'yan wasa huɗu ko biyar da wurare shida ya fi saurin samun mai saye fiye da na yaƙi mai dawakai ɗari biyar, ko da na biyun ya fi daɗin karatu.

Takardun da ke shiga gaba

Ba kasafai furodusa ke fara karanta cikakken rubutu ba. Abin da yake fara gani jimla ɗaya ce ko biyu da ta ɗauke fim ɗin gaba ɗaya: wane ne, me yake so, me ya tare shi, me zai rasa idan ya gaza. Misali: "Wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ta gano majinyacin da aka damƙa mata shi ne direban da ya kaɗe ɗanta ya gudu, kuma babu wanda zai iya ceto ransa kafin asuba sai ita." Kwatanta da "labari ne mai taɓa zuciya a kan yafiya da ramuwa", wanda bai gaya wa kowa komai ba. Idan ka kasa matse labarinka a jimla irin ta farko, sau da yawa matsalar tana cikin labarin ne, ka koma masa.

Bayan ita sai taƙaitaccen labari na shafi ɗaya, har da yadda ya ƙare. Masu farawa suna son ɓoye ƙarshen don su ja rai, alhali furodusa ƙarshen yake son ya ji kafin ya ɓata sa'o'i biyu. Wasu kuma za su nemi bayani mai faɗi na shafi biyar zuwa goma sha biyar, fitowa bayan fitowa ba tare da maganganu ba. Idan fim mai dogon zango ne, ana haɗawa da cikakken kashi na farko da kundin da ya bayyana 'yan wasa da inda kowane kashi ya dosa.

Haƙƙin mallaka

A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar ka rubuta abin, ba sai ka yi rajista ba. Amfanin rajista shi ne hujjar ranar da rubutun ya kasance a hannunka. Ka yi ta a ofishin haƙƙin mallaka na ƙasarka, ka kuma adana kowane kwafi da kwanan watansa, da duk imel ɗin da ka aika. Ka sani doka tana kare rubutun da ka yi ne, ba ta kare tsurar dabara. "Tagwaye da aka raba tun suna jarirai" na kowa ne. Naka shi ne fitowa-fitowar da ka gina da maganganun da ka sa musu a baki. Shi ya sa ba da labari da baki ga duk wanda aka haɗu da shi, alhali ba a rubuta ba, ya fi haɗari nesa ba kusa ba a kan aika kammalallen rubutu.

Idan ku biyu kuka rubuta, ku sa hannu a takardar da ta faɗi kason kowa tun ana shiri da juna. Idan daga littafin wani ko rayuwar wani mai rai ka ɗauko, ka samo izini a rubuce kafin ka ɓata wata shida. Furodusan da ya san aikinsa zai tambayi waɗannan takardun, domin masu rarraba fim za su tambaye shi su.

Wa za ka tunkara, kuma ta yaya

Ka nemo fina-finai goma na shekarun nan da suka yi kama da naka a nau'i da girman kasafi, ka duba sunayen furodusoshinsu a ƙarshen fim ko a IMDb, shafin intanet mai tattara bayanan fina-finai. Su ne kasuwarka. Manyan kamfanoni galibi ba sa buɗe rubutun da ba su nema ba, don gudun a kai su kotu idan wani aikinsu ya yi kama da shi. Ƙananan furodusoshi masu zaman kansu da daraktoci masu tasowa su ne ke amsawa.

Saƙon farko gajere ne: gaisuwa da sunan mutumin, dalilin da ya sa shi ka zaɓa, sunan fim ɗin da nau'insa da yawan shafi, jimlar nan taka, layi ɗaya a kan ko kai wane ne, sai ka tambaya ko zai so ka turo. Kada ka liƙa rubutun sai an ce ka turo. Kada ka tura saƙo ɗaya ga mutum hamsin a jere kowa yana ganin sunan kowa. Bayan mako uku ko huɗu ka tuna masa sau ɗaya. In shiru ya ci gaba, amsar ke nan, ka wuce. Ka riƙe jadawalin wanda ka aika wa, yaushe, da wane kwafi.

Gasa da tarukan fim ma ƙofa ce, in an zaɓa da hankali. Gasar Nicholl ta masu ba da kyautar Oscar tana gudana tun 1986, Cibiyar Sundance ta Amurka tana da zaman horar da marubuta, ga kasuwar fim ta Cannes a Faransa kowane watan Mayu, da ta Berlin a Fabrairu, da bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, da aka fara a 1969. Amma akwai gasanni barkatai da kuɗin shiga kawai suke ci. Kafin ka biya, ka bincika ina waɗanda suka ci shekara uku baya suke yanzu.

Idan aka kira ka zama, ka shirya ba da labarin da baki cikin minti biyar, ba tare da karanta takarda ba. Za a kawo gyara. Kada ka yi gardama nan take, kada kuma ka amince da komai don a so ka. Sau da yawa maganin da furodusa ya kawo ba daidai ba ne, amma wurin da ya nuna da gaske akwai ciwo. Kuma kusan kullum za a ce "me kuma kake da shi?", saboda haka ka shiga da wasu labarai biyu a aljihu.

Yarjejeniya

A nan marubuta suka fi cutuwa, kuma yawanci kunya ce ke jawowa. Ciniki iri uku ne. Akwai sayarwa kai tsaye. Akwai aikin haya, inda furodusa ya kawo labarinsa ka rubuta masa, haƙƙin kuma nasa ne. Sai na ukun da ya fi yawa ga sabon rubutu: furodusa ya ba ka kafin alƙalami ya kama labarin na wani lokaci, yawanci wata 12 zuwa 18, yana neman kuɗin shiryawa, kai kuma ba ka da ikon kai shi wani wuri a tsakanin. In ya samu kuɗin sai ya biya cikakken farashi, in bai samu ba labarin ya dawo hannunka, kafin alƙalamin kuma ya zama naka.

A irin wannan kamun, abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Dole a rubuta cikakken farashin tun yanzu, kada a ce "za mu daidaita idan lokaci ya yi", domin a lokacin ba ka da sauran ƙarfin ciniki. Dole kuma a rubuta ranar da kamun zai ƙare da abin da za a ƙara biya idan ana son tsawaitawa. Kamun da ba shi da ranar ƙarewa kyauta ka bayar ba ka sani ba. Wasu suna ɗaure farashin da kasafin fim ɗin, kamar kashi 2 ko 3 cikin ɗari, tare da mafi ƙarancin abin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Sauran abubuwan da za ka nema a takardar: yadda za a raba biyan (wani kaso ranar sa hannu, wani ranar miƙa rubutu, ragowar kafin ko a ranar fara ɗauka, ba "bayan fim ya fita" ba); gyara sau nawa ne ke cikin kuɗin, domin in ba a ƙayyade ba za ka shekara kana gyara kyauta; yadda sunanka zai fito a allo, da abin da zai faru da shi idan aka kawo wani ya sake rubutawa; wa ke da haƙƙin kashi na biyu, da mayar da shi mai dogon zango, da fassara shi zuwa wani harshe, da buga shi littafi; da kuma cewa idan an saya amma shekara kaza ta wuce ba a ɗauka ba, haƙƙin zai dawo maka. Alƙawarin kaso daga riba kada ya ruɗe ka ka rage kuɗin hannu. Ana lissafa riba ne bayan an cire kuɗin shiryawa, talla da kason masu rarrabawa, kuma ba kai ke riƙe da littafin lissafin ba. In za ka karɓa, ka sa a rubuta ma'anar ribar da ikonka na duba lissafi.

Ka kai takardar wurin lauyan da ya san harkar fim ko haƙƙin mallaka kafin ka sa hannu. Wakilin marubuta na gaskiya kaso yake ɗauka daga abin da ya samo maka, galibi kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya ce ka fara biyan kuɗin karatu ko na rajista kafin ya wakilce ka, ko furodusan da ya ce ka kawo gudummawa don a shirya labarinka, ka kama gabanka.

Bayan rubutun farko

Yawancin rubutun da marubuci ya yi da kansa ba a taɓa ɗaukarsa, amma ba asara ba ne: shi ne shaidar da ke sa a ba ka aikin haya, gyaran rubutun wani, ko kujera a cikin marubutan fim mai dogon zango, kuma daga nan mafi yawan masu sana'ar suke ci. Don haka ranar da ka fara aika na farko, ka fara rubuta na biyu. Ka tara aƙalla biyu ko uku masu ƙarfi a nau'i ɗaya ko makusanta, domin a san abin da za a kira ka a kai.

Ka rubuta gajerun fina-finai na minti biyar zuwa goma wa daraktoci sa'anninka. Su ne za su riƙe manyan ayyuka nan gaba, kuma da wanda suka saba za su tafi. Ka roƙi a bar ka ka je wurin ɗauka ka zauna gefe, ka ga yadda layi ɗaya da ka rubuta cikin minti guda, "motoci sun cunkushe a mahaɗa", yake cinye wa mutum talatin yini. Ka shiga ɗakin tacewa ka ga waɗanne fitowa ake zubarwa da dalili. Kada ka bar aikin da ke ciyar da kai har sai kuɗin rubutu ya riƙe ka wata da watanni a jere, domin biyan wannan sana'a yana zuwa ne a tsinke, kuma mai yunwa kowace yarjejeniya zai sa wa hannu. Idan ka karɓi aiki, ka faɗi ranar da za ka iya cikawa da gaske, ka ƙara mata mako guda, sannan ka miƙa a ranar. In ka ga ba za ka kai ba, ka sanar tun da sauran kwanaki, saboda furodusa ya riga ya ɗaure 'yan wasa, kayan aiki da wuraren ɗauka a kan ranar da ka ba shi.